Bakatsiniyar da Aji Ya Aiko Mini

Shekarar da makarantarmu ta Konni ta raba karatu biyu, rabi a aji rabi ta waya, na fi kowa rawar jiki. Ilimin noma nake koyarwa ga ɗaliban da suka gama bak, wato jarrabawar ƙarshen sakandare. Sati biyu muna tare a aji, sati biyu kowa ya koma garinsu, ni kuma in bi su da darasi a bidiyo. Har sabuwar riga nake sawa, in tsaya gaban allo in yi ta zuba awa guda cur.

Jarrabawar farko ce ta sauke mini girman kai. 'Yan cikin gari sun ci, 'yan Bazaga da Tajaye kuwa sun zube kusan duka. Saura jarrabawa ɗaya, wanda ya sake faɗuwa sai ya maimaita shekara. Na kuma san gidajen da ba a maimaita shekara a cikinsu: ka faɗi, ka ɗauki jaka ka tafi ci-rani. Wanda ya fi tsaya mini a rai wani dogon saurayi ne ɗan Tajaye, mai tambaya kamar ya cinye allo, amma takardarsa fayau.

Buro, wato ofishin makaranta, ya ba mu takardar jin ra'ayin ɗalibai. Na raba, na ce kada kowa ya sa suna, kowa ya faɗi abin da ke cikinsa. Suka dawo mini da addu'a. "Darasi yana da kyau." "Allah ya saka wa mushe." Mushe ni ke nan, haka ake kiran malami a nan, aro daga Faransanci. Na sake rabawa bayan sati, amsar ba ta canza ba. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na kasa zama wuri ɗaya, in shiga buro in fito, in buɗe bidiyona in kalli kaina in rufe. Abinci ma a tsaye nake ci. Na yanke cewa lalaci ne kawai, na kuma faɗa musu haka a aji, suka sunkuyar da kai, na ƙara jin haushi.

Ni Bagobiri ne, ga zane a fuskata ba ya ɓoyuwa. A ajin akwai wata Bakatsiniya, mahaifinta yana tuƙa motar siminti a Malbaza. Tsakanin Gobirawa da Katsinawa kuwa akwai wasa tun kaka da kakanni, abin da abokin wasa ya faɗa maka ba a fushi da shi. Wata Alhamis ina ɗaure jaka a babur, ta zo ta tsaya gabana, sauran ɗalibai suna can gindin bishiyar bedi suna yi kamar ba mu suke kallo ba.

"Bawana," in ji ta, "aji ya aiko ni, tunda ni ɗai ka iya hwaɗa ma Bagobiri gaskiya in kwana lahiya."

Na ce, "Yaushe Katsinawa suka fara gaskiya? Faɗi mu ji."

"Bidiyonka ba ya buɗewa ƙauye, mushe. Rezo babu, waya ba ta kamawa. Sai mutum ya hau tudu da rana tsaka, ya sauko da minti ukku na gaisuwarka, batir ya mutu. Sun san rigarka, ba su san darasinka ba."

Na yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Na tambaye ta me ya hana su rubutawa, alhali sau biyu ina raba takarda.

"Takarda buro take zuwa," ta ce. "Direkta na karantawa. Wa za ya tona asirin malaminshi gaban mai gidanshi?"

Kunya ta rufe ni, irin wadda ban taɓa ji ba tunda na riƙe alli. Ina ta zaginsu da lalaci, su kuwa sun zaɓi su faɗi jarrabawa da su kai ni ƙara.

A satin na ajiye bidiyo. Na koma ɗaukar murya, gajeru gajeru, in tura musu waya zuwa waya tun suna aji, kafin kowa ya hau motar garinsu. Ita kuma na naɗa ta bakin aji, duk ƙarshen sati biyu ta zo ta zazzage ni son ranta, ina rubutawa. Ta ce ina sauri, na rage. Ta ce Faransancina ya yi kauri, na dinga haɗawa da Hausa.

Ranar jarrabawa ta biyu na kasa zama, ina ta zagaya tebura ina ƙirga kawuna. 'Yan Bazaga duk sun zo. Benci na uku ta taga ne babu kowa. Na sunkuya na tambaye ta ina dogon nan ɗan Tajaye.

Wannan karon ba ta ce mini bawana ba. "Ya tahi ci-rani Abija, can bakin teku, tun satin da kac ce lalaci na," ta ce a hankali. "Ya ce in gaishe ka, ka yahe mishi bai yi ƙoƙari ba."