Ranar da Baba ya ƙi faɗin suna

Surukina ya yi shekaru yana tuƙa tasi a Amurka har ya mallaki gida a can. Da ya zo mana hutu unguwar Ain Khaled, nan ƙasar Larabawa, ne ya ce banki zai riƙa ba shi kuɗi duk wata, bayan ransa su sayar da gidan su ɗauki nasu. Ni kuwa ban so haka ba. Aikin maigidana a unguwar West Bay kwantiragi ne, ranar da kamfani ya ce khalas, wato an gama, sai haɗa kaya, kuma gidan nan kaɗai nake hango mana ni da jaririyata.

Amma banki ba ya ba da ko sisi sai wata mai ba da shawara ta zauna da tsoho, ta sa hannu cewa ya fahimta. Ta kiran bidiyo aka yi, bayan la'asar, maigida bai dawo ba. Ni aka ba riƙon wayar, da goyo a bayana. Turancina bai kai ya kawo ba, amma Baba duk abin da ta faɗa sai ya juyo ya yi mini ƙorafinsa da Hausa.

"Kin ji, ko gaisuwa babu, ta fara da mutuwata."

Sau shida na ƙirga ta ambaci mutuwa. Kowanne sai mun ce Allah ya sa mu cika da imani, ita kuma ta jira da biro a baki.

Can ta tambayi magajinsa. Ya ce ɗa guda. Ta ce sunansa? To maigidana ɗan fari ne, tunda aka haife shi Baba bai taɓa kama sunansa ba.

"Yaron nan," in ji shi.

Ta sake tambaya a hankali, kamar mai lallashin majinyaci.

"Yaron nan dai! Mai aikin gas!"

Sai ta leƙo ni ta cikin wayar. Baba ya ce, "Wai ke ki faɗa mata."

"Ni, Baba? A gabanka?"

"Ahaf. Na gaya mata ba za ki iya ba."

Na gyara goyo, na sunkuyar da kai. Wallahi kunya ce ta gaske, ko da yake na lura ba ta yi mini nauyi ba ranar.

Matar ta daɗe tana rubutu. Ta ce ba za ta sa hannu ba sai likita ya duba ƙwaƙwalwarsa, tunda ya manta sunan ɗansa, matar ɗan ma da alama ya kamata a duba ta.

Baba ya karɓe wayar ya kife ta a kan kujera.

"Ni za a kai asibiti? Ni da na yanka masa rago?"

Har ya koma bai sake maganar bankin ba. Gidan na nan, bara ma ya sake masa rufi.