Lesieli da Ɗakin Sanyi

Mai neman Lesieli a tsibirinmu ba ya zuwa gidansu, bakin ruwa yake nufa. Ko dai yanzu ta sauko da jakar kayan aiki a kafaɗa, ko kuwa tana shirin faɗawa kwale-kwale zuwa wani tsibirin na Ha'apai inda firijin wani ya mutu da kifi a ciki. Mace ce da ba ta iya zama ba. Ko a coci, ƙafarta rawa take yi a ƙarƙashin benci.

Tun tana ƙarama haka take. Mahaifinta Taniela, masunci, ya sha dawowa daga teku ya tarar ta kwance rediyonsa ɗai-ɗai a kan tabarma, wai tana neman inda muryar take kwana.

Shekarar da za ta gama sakandare, gidansu ya koma dandalin shawara. Mai kanti ya ce ta karanta aikin akanta. Fasto ya ce koyarwa. Wani ɗan uwa ya bugo daga Okland ta Niyu Zilan ya ce kwamfuta, bayan kwana biyu ya sake bugowa ya ce a fasa, kwamfutar ta fara yin aikin da kanta. Kowa tambayarsa ɗaya: wane karatu ne ake nema a ƙetare? Ita kuwa ranta yana kan makarantar sana'a ta Nuku'alofa, babban birninmu, inda ake koyar da gyaran firiji da injin sanyi.

Sai ga Goggo Kalolaine, yayar mahaifinta, ran Lahadi bayan coci, daidai lokacin da ake tono doya da gwaza daga ramin gashi. Aka shimfiɗa mata sabuwar tabarma, aka miƙa mata kifi mafi girma. A wurinmu, in goggo ta yanke magana a kan 'ya'yan ƙaninta, ta yanku.

"Aikin jinya za ta karanta," in ji ta.

"Goggo, ni fa..."

"Ke da wa? Da ubanki nake magana. Taniela, Ostareliya cike take da tsofaffi, 'ya'yansu ba su da lokacinsu. Tsufa ba ya ƙarewa, ciwo ba ya ƙarewa. Wannan shi ne karatu mai gaba."

"Haka ne, Yaya."

"Wai firiji! Firiji ne zai kai ki Sidni? Ko ciki za ki shiga a yi lodinki?"

Aka kwashe da dariya. Taniela ya sunkuyar da kai yana ɓare doya.

Washegari Lesieli ta same shi yana ɗinkin komar kifi.

"Baba, ka san ba na so."

"Na sani."

"To me ya hana ka faɗa?"

"Yayata ce, Lesieli. Da wane bakin?" Ya ja zare. "Wata rana ke ma haka 'ya'yan ɗan uwanki Maikolo za su yi shiru a gabanki."

Ta tafi makarantar jinya. Ba ta faɗi jarrabawa ba, ba ta kuma sume don ganin jini ba. Zuciyarta ce kawai ta ƙi zama. Kullum da yamma sai ta zaga ta bayan makarantar sana'ar, ta leƙa masu walda, ta dawo tana jin haushin kanta. Ƙawarta Seini ta taɓa kama ta ta kanga kunne a jikin firijin magani.

"Ke! Marar lafiya na can yana kira, kina nan kina sauraren ƙarfe?"

"Ba ki ji kukansa ya canja ba?"

"Allah ya shirye ki. Ki aure shi mana, mu sha biki da ruwan sanyi."

Lesieli tana hutu a gida Taniela ya faɗi a cikin kwale-kwalensa, bai tashi ba. 'Ya'yansa maza biyu, Maikolo da Sitiveni, suna Ostareliya wajen tsinkar lemo. Mu kuwa ba ma binne uba sai 'ya'yansa sun zo sun sumbaci goshinsa. Aka kai shi ɗakin sanyi na gari ya jira su.

Injin ɗakin ya tsaya.

Mutumin da ya san kansa ya daɗe da komawa Niyu Zilan. Aka kira wani daga Nuku'alofa, teku ta tashi, jirgi ya ƙi fitowa. Lesieli ta buɗe bayan injin da hannunta, ta tsaya tana kallon wayoyi da bututu. Kunnenta ya gaya mata ciwon yana nan kusa, amma ba wanda ya taɓa koya mata maganinsa. Ta taɓa nan, ta taɓa can, ta zaga ɗakin, ta dawo. Sanyin yana ta guduwa.

Aka binne Taniela 'ya'yansa maza suna filin jirgi. Ta waya suka ga an zuba farin yashi.

Bayan jana'iza, 'ya'ya mata kan kwance gashinsu goggo ta yanke. Lesieli ta durƙusa cikin baƙaƙen kaya, tsohuwar tabarmar makoki ɗaure a ƙugunta, Goggo Kalolaine na tsaye a kanta da almakashi.

"Tsaya wuri ɗaya mana, kar in haɗa da kunnenki."

Gashi ya fara zuba. Can sai Goggo ta rage murya.

"Da kin yi wancan karatun, da kin tayar da injin?"

"Wataƙila, Goggo."

"Ban tambaye ki wataƙila ba."

"Da na tayar."

Almakashin ya tsaya.

"Nawa 'ya'yan duk na tura su," in ji Goggo. "Yaran ƙanina ma ni na ce su tafi. Kowa na nuna masa ƙofar fita, ban taɓa tunanin wanda zai riƙe mu mu jira su ba." Ta ja hanci, ta ci gaba da yanka. "Je ki karanta firijinki. Amma da sharaɗi. Ranar da na mutu, ke za ki ajiye ni. Ba za a sa ni a rami ba sai autan jikokina ya sauko, ko daga wace ƙasa zai taso."

"In aiki ya kira ni waje fa, Goggo?"

"Ya jira. Ni ba daɗewa zan yi ba."

An kwana biyu da yin wannan magana. Lesieli ta yi karatun, ta dawo, ɗakin sanyi bai sake tsayawa ba. Ashe kuma masu gyaran sanyi ma nemansu ake yi a Ostareliya ido rufe. Wani kamfani ya bugo mata, ya sake bugowa. Seini tana can, tana aiko hotuna da riga mai kauri, tana rubuta, "Amaryar firiji, yaushe za ki tare?" Duk ranar da babban jirgi zai tashi, Lesieli kan tsaya a bakin ruwa tana kaɗa ƙafa har ya ɓace.

Da safe takan fara biyawa ɗakin sanyi, ta ɗora tafin hannu a jikin injin, ta saurara. Daga nan ta bi ta ƙofar Goggo, inda tun daga nesa ake jin tsohuwar tana bugun ɓawon itacen da ake yin zane da shi, da ƙarfin da ya fi na 'yan mata.

"Lesieli! Kin duba ɗakina?"

"Lafiyarsa ƙalau, Goggo."

"Ni ma haka. Sai ki ƙara haƙuri."

Lesieli ta gyara jakarta a kafaɗa, ta nufi bakin ruwa da sauri.