Kwalbar da Ke Cikin Safa

Na zo awon jini a wani asibiti da ke hanyar Bwari, sai idona ya tsaya kan wani mutum a ƙofar ɗakin da ake kwantar da masu son rabuwa da shaye-shaye. Zai kai shekara arba'in da biyar. Shaddarsa ta sha guga, katin ma'aikata na rataye a wuyansa, amma ya kifa fuskar katin a ƙirjinsa. Ina jin a ofis ya ce musu hutun shekara zai tafi.

Gumi ne kawai ya ƙi rufa masa asiri. Sai tsattsafo masa yake, ga shi kuwa a ƙarƙashin fanka.

Wata nas na zazzage jakarsa a kan tebur: jallabiya, carbi, sabulu. A nan ba a shiga da magani sai wanda likita ya rubuta.

"Oga, shi ke nan? Kwana ukun farko akwai wuya fa, amma likita na nan, mu ma muna nan."

"Shi ke nan, Sista."

Tana mayar da kayan, shi kuwa yana tsaye bai motsa ba. Can sai ya sunkuya kamar mai gyara takalmi, ya zaro 'yar kwalbar maganin tari daga cikin safarsa, ya ajiye kusa da carbin.

"Da saura," in ji shi, a hankali.

Ba ta dube shi da mamaki ba. Ta ɗauke kwalbar, ta buɗe masa ƙofa. Ya shiga, safa ɗaya a zame har idon sawu.