Rigar Sanyin Auta

A bayan ofishin da ke tono sojojin da suka mutu a yaƙi akwai wani ɗaki mai famfo da dogon tebur na ƙarfe. A nan wata mata da ake kira Mai Baho take aiki. Idan masu tono suka dawo, likita ya kwashi ƙasusuwa, sauran tarkace kuma a zube mata: takalmi, bel, cokali, agogon da ya daɗe da tsayawa. Ta jiƙa, ta goge da tsohon buroshin haƙori, ta shanya a inuwa, don rana tana cinye yadin da ya jima a ƙasa. Kowace gawa da bahonta, abin da aka samu a jikin mutum nasa ne har ya isa hannun danginsa. Duk wanda ya kuskura ya haɗa mata kaya, ko da Saje ne mai kula da sito, sai ta wanke shi tas ba sabulu.

Ba son wanki ne ya kawo ta ba. Ƙanenta, autan gidansu, ya tafi wannan yaƙin, shiru, ba gawa ba labari. Kafin ya tafi ta saƙa masa rigar sanyi koriya, zare ya ƙare mata a hannun hagu ta ƙarasa da zare ruwan ƙasa. Har tsiya ya yi mata: "Yaya, wannan hannun aro kika yi mini?" Da ta ji ana neman mai wanki a ofishin, ta rufe shagon saƙarta ta zo, tunda duk abin da ƙasa ta dawo da shi ta hannunta zai bi. Shekaru suka yi ta tafiya tana wanke baƙin cikin wasu, fatar yatsunta ta tsattsage, bakinta ya ƙara kaifi.

Wata safiya aka kawo mata dunƙulen laka. Ta canza ruwa, ta sake canzawa, kore ya fara fitowa. Da ta warware hannun hagu ta ga zare ruwan ƙasa, sai ta zauna daɓas a jiƙaƙƙen siminti. Kuka ta yi, amma har da murna a ciki, Auta ya dawo.

Murnar ba ta yi nisa ba. Likita ya ce ƙasusuwan da aka samu cikin rigar na dogon mutum ne, magidanci, gwajin jini kuma ya nuna wani gida daban. Auta kuwa gajere ne, ko gemu bai tara ba.

"Haƙuri za ki yi," in ji Saje, yana kallon ƙasa. "A fagen daga riga ba ta da mai ita. Wanda ya faɗi, na kusa da shi ya cire ya saka. Sanyi ne."

"Wato tuɓe shi aka yi."

"Ban ce ba."

"To ba ni abata."

"Haba, ke da kanki? A jikin wa aka same ta?"

Ta ƙudura za ta roƙi matar mamacin idan ta zo karɓar kaya. Matar ta zo, 'yar siririya, mayafinta duk ya koɗe. Ba ta ma san rigar ba, amma ta rungume ta kamar jariri.

"Kullum tunanina ko da sanyi ya mutu," ta ce. "Ashe yana da abin rufa. Baiwar Allah, na gode da kika wanke masa. Don Allah a mayar masa da ita, kada a raba shi da abinsa."

 Mai Baho da ba ta taɓa shakkar kowa ba, ta kasa ce wa wannan matar daga jikin wa aka zare rigar. Da hannunta ta ninke ta, ta ɗora a kan ƙasusuwan, Saje ya rufe akwatin.

Ranar jana'iza ta tsaya a bayan jama'a a sabuwar maƙabartar sojoji, ana ta jawabi da busa ƙaho, zuciyarta tana tafasa. Ba ta tsani matar ba, shi ta tsana, mutumin da ba ta taɓa gani ba. Ya samu suna, ya samu kabari, ya tafi da riga. Auta kuwa yana can cikin wani rami, ko abin da za ta gane shi da shi ba a bar masa ba.