Kamun Malam Sabo

Shekara tara ke nan da muka rufe Malam Sabo a Manchester, cikin ruwan sama. Shi da ya ƙare rayuwarsa yana neman busassun kogwanni.

Aikinsa auna gidajen mutanen da, waɗanda suka gina ɗakuna da rumbuna na laka a jikin duwatsun garinsu. Duk hutu sai ya koma gida ya hau dutse, ya dawo flat ɗinsa na Whalley Range da littattafai cike da zane. Sai dai ba ya amfani da tef ɗin awo. Da kamu yake awo, daga gwiwar hannunsa zuwa ƙarshen yatsa. Na taɓa ce masa, "Malam, a jami'a fa kake, ba kasuwar yadi ba." Ya ce, "Da hannu suka gina, Alhaji. A tef, ƙofofinsu shirme ne. A kamu, biyu-biyu ne cif."

Da gwamnati ta tsuke bakin aljihu, aka rufe sashensu. Akwatunansa suka dawo gidana, tare da sandar da yake hawan dutse da ita. Bai daɗe a duniya ba bayan nan.

Bara 'yarsa Hadiza ta zo daga unguwar Small Heath ta Birmingham. A can gida masu fasa dutse sun kusa isa kogwannin, hukuma kuma ta ce ba za ta duba ƙorafi ba sai da awo na mita. Ta buɗe littafin Malam, ta dube ni. "Baba, kamu is how many centimetres?"

Ma'aunin yana ƙarƙashin ƙasa shekara takwas. Na gwada hannuna, ta gwada nata, muka sami kogo iri biyu.

Ina tashi zuwa salla idona ya faɗa kan sandar, wadda na mayar abin tura ƙofar silin. Ashe akwai tsaga biyu a jikinta, da rubutun ajami ɗan ƙarami a tsakani: kamuna. Muka ɗora tef a kai. Da Malam yana nan, da ya ce mun ci amanarsa, sannan ya karɓi tef ɗin ya gyara mana riƙo.

Takardun suna gaban hukuma yanzu. Ban san yadda za ta kaya ba. Sandar tana Birmingham wurin Hadiza. Ranar da ta zo ɗauka, na ga ta ɗora gwiwar hannunta a kan tsagar farko. Saura yatsa biyu ta kai.

Allah ya jiƙan Malam Sabo, ya yalwata masa makwanci fiye da kamu biyu.