Fakon Kawu

Muna fitowa daga sujadar Lahadi aka ce mini Kawu ya rasu.

Tun ranar da aka yi masa baftisma 'yan'uwansa suka ƙwace gonar gado, suka bar masa fako a hanyar Safo. Na taɓa iske shi yana haƙa ramuka, diga tana tsalle kamar a kan dutse.

Na ce, "Kawu, ko ƙaya ba ta fita a nan!"

Ya zuba taki ya ce, "Ɗana, Mai alkawari ba shi mantuwa."

Bana fakon ya ba da dami talatin. Waɗanda suka ƙi zuwa jana'izarsa sun zo da igiya suna aunawa, wai gadonsu ne.

Ubangiji ya hutar da shi. Kafin ya rasu Kawu ya roƙe ni in yafe musu. Har yau ban yafe ba.