Na Je Maiduguri Neman Mai Doguwar Hula

Ni kaɗai na je. Wannan nake so a fara sani, don har yau akwai masu cewa a majalisa wai "lokacin da muka je Maiduguri", alhali ko tasha ba su raka ni ba. Da aka ce kulob ɗinmu zai buga a can, ƙungiyar magoya baya ta zauna, aka yi ta kumfar baki, kowa zai je. A ƙarshe aka ce babu mota. Da na ce to mu hau ta haya, sai wannan ya tuna bikin ƙanwar matarsa, wancan ya tuna ciwon baya. Hanyar suke tsoro, kuma ban ga laifinsu ba. Ni ma ba jarumta ce ta kai ni ba, ba ma ƙwallon ba ce. Mutum na tafi nema.

Na san shi ne a shekarun da garinsu ya rikice, har aka daina buga wasa a can, kulob ɗinsu ya dawo yana buga wasanninsa na gida a filinmu na Kano. Wasan gida, babu 'yan gida. Ni tela ne, amma in dai ana buga ƙwallo a filin nan, ko ta waye, sai na rufe shago na je, masu ɗinki su yi ta zagina. A irin waɗannan ranaku filin kusan wayam yake. A gefen rana, inda babu rumfa, nan na fara lura da shi: dogo, baƙi, da tsage a fuska, da doguwar hular zanna a ka. Duk sanda kulob ɗinsu ya ci, sai ya miƙe, ya cire hular ya ɗaga sama, ya dinga juyawa a hankali, gabas, yamma, har bayansa inda babu kowa sai siminti. Ba ihu yake yi ba, juyawar ce kawai.

Ni Bafulatani ne, ko da yake na birni, ba saniya ba yare. Amma in ga Babarbare shi kaɗai in ƙyale shi? Ai ba ta taso ba. Wasan da ke tsakaninmu da su mun gada ne, kowa na cewa ɗaya bawansa ne. Na matsa kusa na ce, "Bawana, wa ya ba ka izinin zuwa kallo?"

Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Fulata, wa ka bar wa shanuna ka gudo?"

Shi ke nan muka ƙulle. Turare yake sayarwa a bakin kasuwa, kuma kullum yakan zo da kwalin turaren da ya ƙare, ya yaga biyu, ya miƙo mini rabi, don simintin gefen rana in ka zauna a kansa haka nan sai ya gasa ka. A kan wannan kwalin na ji labarin Maiduguri har na gaji. Gidansu na Gomari, inda jirgi ke wucewa ƙasa-ƙasa har kwanon rufi ya amsa. Shinkafar Zabarmari, wadda a cewarsa in na ci sau ɗaya zan raina duk abin da matata ke dafawa. Yadda ya baro garin, da inda sauran mutanen gidansu suka watse, wannan kam bai taɓa buɗewa ba, ni ma ban tona ba. Wata rana dai na ce masa, "Kai wai me kake juyawa haka kamar fanka in kun ci?"

Ya ce, "Duk ɗan Maiduguri da ke garin nan, in yana numfashi, nan zai zo."

Na ɗauka cika baki ne irin nasu. Na nuna masa simintin na ce ai ga su nan sun cika fili maƙil. Ya yi dariya, muka ci gaba da kallo.

Da abubuwa suka lafa, kulob ɗinsu ya koma gida, shi ma ya bi. Ranar da muka yi sallama ya ce, "In naku za su zo, ka zo. Gefen rana nake zama. Ka nemi hular, ba za ka rasa ni ba." Mun ɗan jima muna waya, yawanci bayan wasa, wanda aka ci ya sha tsiya. Sai wata rana na kira aka ce a kashe take. Washegari ma haka. Watanni suka shuɗe, lambar da na adana da sunan "Bawana" ba ta sake shiga ba. Na daina kira, amma ban goge ta ba, kuma abin ya tsaya mini a rai fiye da yadda zan iya gaya wa kowa. Mutum ba ɗan'uwanka ba, ba maƙwabcinka ba, ka ce kana kewarsa, sai a yi maka kallon wanda ya rasa aikin yi.

Matata da ta ga ina haɗa jaka ta ce, "A kan ƙwallo za ka bi wannan hanyar?" Na ce eh, don shi ya fi sauƙin faɗa. Shugaban magoya bayanmu kuma, wanda ciwon baya ya kama, ya ja ni gefe ya maimaita mini dokar da duk mai bin kulob zuwa wani gari ya sani. In kai kaɗai ne, ka sa jesinka a ƙarƙashin riga, kada kowa ya gani. In an ci ku ka yi shiru. In kun ci, ka fi yin shiru.

Na kama hanya tun da sassafe. Bayan Damaturu motar ta yi tsit, kowa ya kama bakinsa, sai shingen bincike, a sauka, a hau. Na kwana a wani masauki kusa da tasha. Da safe na tari keke napep na ce Gomari, ni a tunanina unguwa ce da zan zaga a ƙafa in yi kiciɓis da shi a ƙofar gida. Ashe gari ce guda. Na yi ta yawo a ƙarƙashin bishiyoyin darbejiya, jirgi ya wuce ta kaina, na tsaya ina kallonsa kamar zai nuna mini gidan. Na zauna wurin wani mai shayi na ce ina neman wani mai sayar da turare da ya taɓa zama a Kano. Ya ce, "Malam, a layin nan kawai za ka samu irinsu da yawa." Ban damu ba sosai. Na ce ai fili yana nan, can muka yi alkawari. Na roƙi kwali a wani shago, na yaga biyu, na saƙale a hammata.

Ana idar da la'asar na yanki tikiti na shiga. Na juya na fuskanci gefen rana, na ɗaga kai. Daga layin ƙasa har na sama huluna ne. Dogayen hulunan zanna, jere-jere, kan tsofaffi, kan magidanta, har kan samarin da suka sa jesi. A Kano hularsa ita kaɗai ce a fili, tun daga ƙofa nake hango ta. Duk tsawon hanyar nan ko sau ɗaya bai faɗo mini a rai ba cewa garin masu hular zan je. Shi ma da ya ce in nemi hular, ina jin ya manta, don ya daɗe yana zama shi kaɗai da ita.

Na ce ai ni tela ne, idona ya san zare, zan gane tasa. Na bi layi-layi ina leƙen kawunan mutane, ana ce mini in gusa ina tare fili. Ƙamshin turaren ma da nake ji a jikinsa, nan kowa shi yake yi. Can na hango wani dogo ta baya, hular a karye ta gaba yadda yake karya tasa. Na haura da sauri, na dafa kafaɗarsa na ce, "Bawana."

Wani dattijo ne ya juyo, mai farin gemu, ban taɓa ganinsa ba. Kunya ta rufe ni. Na fara ba shi haƙuri, ya tsura wa fuskata ido, sai ya ce, "Fulata ne, ko? Shi ya sa. Wushe, sannu da zuwa. Zauna, ubangidanka ya yafe maka." Ya matsa mini wuri. Na shimfiɗa rabin kwalin na zauna, ɗaya rabin na ajiye a gefena. Duk wanda ya zo zai zauna sai in ce akwai mai wurin.

Ina da sauran dabara ɗaya. Na san in suka ci zai miƙe ya ɗaga hula ya juya, kuma a cikin dubun mutane zan gane wannan juyawar. Ka ji ni, ni da na rufe shago na baro Kano, ina zaune ina roƙon Allah a ci kulob ɗina. Kafin a tafi hutu aka ci mu, da ka, daga bugun kwana. Filin ya ɗauka. Na yi tsalle na miƙe tare da su ina raba ido. Huluna sun tashi sama, ganguna na tashi, kowa ya rungume na kusa da shi. Babu wanda ya juya. Ko mutum ɗaya.

A lokacin hutu dattijon ya ce, "Kai tun da ka zo ba ƙwallo kake kallo ba. Wa kake nema?"

Na ba shi labari. Na ce dogo ne, baƙi, da tsage, da doguwar hula, ɗan Gomari. Ya yi murmushi ya ce, "Ka siffanta ni, ka siffanta ƙanena da surukina. Mene ne sunansa?"

Sai a lokacin na gane ban san sunansa ba. Shekaru muna zama a kan kwali ɗaya, ni in ce masa bawana, shi ya ce mini Fulata. A filin ƙwallo wa yake tambayar suna? Dattijon ya daina murmushin. Ya ce, "Waɗanda suka fita a shekarun nan, wasu sun dawo sun zauna, wasu sun dawo sun sake fita. Wasu kuma sai addu'a." Ya miƙo mini goro, na karɓa na riƙe a hannu ban ci ba.

Aka dawo. Wasan ya yi nisa, rana ta fara sauka, ina jin jesin nan ya manne mini da gumi a ƙarƙashin riga. Sai ɗan wasanmu na gaba ya tsere wa masu tsaron baya, ya zura ta ƙasan gola. Filin ya yi tsit, har ana jin muryar 'yan wasanmu suna murna can tsakiyar ciyawa. Na san dokar sarai. Amma na ga in ni ba zan iya ganinsa a cikinsu ba, shi zai iya ganina, don ni kaɗai ne irina a wurin. Na miƙe. Na tuɓe rigar ta ka, jesin ya fito fili, na ɗaga rigar sama.

Ledar ruwa ta fara sauka a kafaɗata, wata ta fashe a ƙeyata. Samari suka taso daga sama suna faɗa da yaren da ba na ji. Dattijon ya miƙe ya tare su, ya yi musu magana da Barbarci, abin da na tsinta kawai "Fulata". Sai wasu suka fashe da dariya, wani ya ce da Hausa a ƙyale shi, ai Fulani ba su da hankali tun asali. Ni duk ban bi ta kansu ba. Juyawa nake yi a hankali, gabas, yamma, har bayana, ina bin fuskoki ɗaya bayan ɗaya, ina jira wani dogo ya miƙe ya ce wa na bar wa shanunsa.

A cikin juyawar nan na gane abin da yake yi a Kano. Ba murnar ci ba ce. Tsayawa yake yi a inda za a gan shi, ko wani nasa da ya ɓace yana cikin fili. Ni kuwa ina gefensa ina nuna masa siminti. Na yi ta juyawa har aka ci gaba da wasa, sannan dattijon ya ja gefen jesina ya ce, "Zauna, ɗana. In yana nan ya gan ka."

Sun ƙara mana ɗaya kafin a tashi, ban ma ga yadda aka yi ba. Da aka busa, mutane suka fara sauka, masu wucewa ta gabana suna tsokanata, wani ya ce in gaida Kano, wani ya dafa kaina. Dattijon ya ce in zo mu je gidansa in ci abinci. Na yi masa godiya na ce zan ɗan jira, kada ya zo ya tarar na tafi. Ya dube ni, bai yi musu ba, ya ce Allah ya sada mu, ya bi mutane.

Na zauna da jesina a fili har gefen rana ya zama siminti zalla, kamar namu na Kano a waɗancan shekarun. Masu shara suka shigo suna tsintar leda. Ana kiran magariba mai gadi ya ce za a rufe ƙofa. Na mai da rigata, na ɗauki rabin kwalina. Nasa na bar shi a wurin, na nemo dutse na ɗora a kai kada iska ta ɗauke.